Harafin Jini da Akushin Gida: Sharhi a kan Mas'alar Zaɓen Abinci Bisa Rukunin Jini

A kakar bara, bayan an gama yankan hatsi an ɗaure dammuna, na halarci wani suna a Gazawa, a gidan wani aminina wanda muka yi karatun allo tare. Da aka raɗa suna aka shafa fatiha, jama'a suka ragu, sai wata ɗiyar ƙanena, malamar makaranta mai hankali da natsuwa, ta zo zaure ta durƙusa ta gaishe ni. Ni kuwa, bisa al'adar manya da ƙananansu, na tura mata kwanon da aka kawo mini, wanda ke ɗauke da naman kaza da aka barbaɗa wa garin ƙuli-ƙuli. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara, na bar cin kaza da gujiya." Na ce, "Ɗiyata, lafiya dai? Likita ne ya hana ki?" Ta ce, "A'a Baba, jinina B ne, an kuwa ce masu wannan jini ba su jituwa da kaza da gujiya da riɗi da masara." Na tambaye ta wa ya ce, sai ta fito da salula ta nuna mini wani dogon saƙo da aka turo mata ta WhatsApp, an jera haruffa huɗu, an rubuta a ƙarƙashin kowane harafi abin da ya halatta ga mai shi da abin da ya haramta, kamar dai babin abinci a littafin fiƙihu, sai dai babu sunan malami, babu isnadi.

Tun daga ranar nake jin maganar nan a bakin masu boko na Agiye da Cadawa da Gidan Rumji, har ma da waɗansu ƴan kasuwa da ba su taɓa zama a aji ba. Kuma tun da abin ya taɓa cikin mutane da lafiyarsu, alhali kuwa lafiya ita ce uwar jiki, na ga ya wajaba a zauna a bi mas'alar daga tushenta, a san mene ne wannan harafi, wa ya fara ɗaura shi da tukunya, wace hujja ya kawo, me masu tahaƙiƙi suka samu da suka auna hujjar, sa'an nan a duba ko akwai wata fa'ida a ciki ga mutanen da abincinsu hatsi ne da wake da ganye.

Asalin harafin

A shekarar 1901 wani likita mai suna Karl Landsteiner, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya bayyana abin da ya gani sa'ad da ya riƙa gauraya jinin abokan aikinsa, na wannan da ruwan jinin wancan: wani lokaci jinin ya zauna lafiya lau, wani lokaci kuwa jajayen ƙwayoyinsa su dunƙule kamar nonon da ya tsinke. Daga nan ya gane cewa a bayan kowace jar ƙwaya akwai wata alama da mutum ke gada daga iyayensa, kuma jiki yana yaƙar duk alamar da ba tasa ba. Wanda ke da alama ta farko aka ce masa A, mai ta biyu B, wanda ba shi da ko ɗaya shi ne daga baya aka kira O; a shekarar 1902 almajiransa biyu suka gano rukuni na huɗu, mai ɗauke da alamun biyu gaba ɗaya, wato AB. Saboda wannan aiki aka ba Landsteiner lambar Nobel a 1930, kuma a 1940, shi da Alexander Wiener, suka bayyana wata alamar dabam da ake kira Rezus, wadda ita ce ake nunawa da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gefen harafin.

Fa'idar wannan ilimi ba ta ɓuya ga kowa a ƙasarmu ba. Duk wanda ya taɓa kai mace mai zubar jini bayan haihuwa daga ƙauye zuwa asibitin Agiye ko na Gidan Rumji, ko ya ɗauki yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini har tafin hannunsa ya yi fari fat, ya san cewa kafin a ɗaura ledar jini sai an gwada na mai bayarwa da na mai karɓa, domin in aka saɓa, maganin ya zama ajali. To, wannan shi ne aikin harafin, kuma Landsteiner, har ya bar duniya a 1943, bai kafa wata ƙa'idar abinci a kansa ba.

Wanda ya kai harafin madafa

Mutumin da ya shahara da ɗaura rukunin jini da abinci shi ne Peter D'Adamo, Ba'amurke, mai bin tafarkin da suke kira maganin ɗabi'a, wanda ya gaji ra'ayin daga mahaifinsa James, ya kuma wallafa shi a 1996 cikin wani littafi mai suna Eat Right 4 Your Type, littafin da aka sayar da miliyoyinsa aka fassara shi cikin harsuna masu yawa. Da'awarsa ta tsaya ne a kan ƙafa biyu. Ta farko tarihi ce: ya ce O shi ne jinin farko, na maharba, saboda haka mai shi ya lazimci nama ya ƙaurace wa alkama da masara da gyaɗa da mafi yawan abin da aka yi da nono; A ya zo da noma, saboda haka mai shi ya bar nama ya koma ga tsirrai; B jinin makiyayan Asiya ne, saboda haka nono da naman tumaki sun karɓe shi, amma ban da kaza da gyaɗa da riɗi da masara; AB kuwa, a cewarsa, baƙo ne da bai daɗe da bayyana ba, ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can. Ƙafa ta biyu sinadari ce: ya ce a cikin abinci akwai wani abu da ake kira lektin, wanda in ya shiga jinin da bai dace da shi ba sai ya dunƙule ƙwayoyinsa, daga nan ƙiba da kasala da ciwon gaɓoɓi da sauran cututtuka su biyo baya.

Saƙon da ɗiyar ƙanena ta nuna mini jikan wannan littafi ne, ko da yake ita ba ta taɓa jin sunan marubucin ba. Ya ratso Turanci da Faransanci, ya sha kwaskwarima a hannun masu sayar da magunguna, kafin ya iso Gazawa da rigar Hausa.

Abin da ya sa maganar ta sami shiga

Ba adalci ba ne a ce waɗanda suka gaskata wannan magana wawaye ne, gama ta tarar da gona a share. Tun kafin zuwan Nasara, malamanmu sun karanta ɗibbu a kan mazhabar Jalinusu da Ibn Sina, wadda ta gina jikin ɗan Adam a kan ruwaye huɗu, jini da balgamu da safra'u da sauda'u, ta kuma ce kowane mutum akwai wanda ya rinjaya a jikinsa, sai a zaɓar masa abinci mai zafi ko mai sanyi, mai danshi ko busasshe, gwargwadon ɗabi'arsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kansa ya yi talifi a kan ɗibbu, har da risala a kan basir. Daga wannan rijiya ce tsofaffinmu suka sha, shi ya sa har gobe ake cewa wane sanyi ne ke damunsa, wance kuwa zafi ne ya yi mata yawa. Ake ba mai jego kunun kanwa. Ake kiran wanzami ya kafa ƙaho ya fitar da mataccen jini. Sa'an nan harshenmu kansa ya ɗora wa jini nauyin da ya wuce na ruwan jijiya: muna cewa wane yana da farin jini, muna cewa jininmu bai haɗu da wane ba, muna cewa abu kaza a jininsa yake. Saboda haka da aka zo wa Bahaushe da rukuni huɗu, kowanne da abincinsa, sai ya ji kamar karatun da ya sani ne aka sake masa tawada.

Ba mu kaɗai ne harafin nan ya ruɗa ba. A ƙasar Japan, tun daga rubutun Takeji Furukawa na 1927, da littafin Masahiko Nomi na 1971, mutane da yawa suka ɗauka cewa rukunin jini shi ke nuna halin mutum, har ana tambayarsa wajen neman aure. Abin da ya haɗa mu da su shi ne son ɗan Adam ya sami mabuɗi guda wanda zai buɗe masa dukkan ƙofofin sanin kansa. Amma dacewar magana da abin da zuciya ta saba da shi ba ya zama burhani, kuma malaman usulu sun daɗe da rarrabe tsakanin zato da yaƙini.

Auna hujjar a kan mizani

Mu fara da lektin, domin a nan ne ƙwayar gaskiyar take, kuma ƙarya ba ta tafiya mai nisa sai ta ari takalmin gaskiya. Haƙiƙa akwai lektin a cikin wake da hatsi da waɗansu tsirrai, kuma tun a shekarun 1940 William Boyd a Amurka ya ga cewa ruwan wani irin wake yana dunƙule jinin A ya ƙyale na sauran. Shi ne ma ya raɗa wa abin suna a 1954, kuma har yau masu gwajin jini suna amfani da irin wannan a ɗakin bincike. Sai dai abin da ya faru a kan gilashi, inda aka zuba ɗanyen sinadari kai tsaye a cikin ɗigon jini, ba shi ne ke faruwa a cikin mutum ba. Wuta tana kashe mafi yawan lektin, ba kuwa wanda ke cin ɗanyen wake. Abin da ya tsira daga tukunya sai ya gamu da ruwan tumbi da na hanji. Kuma mafi yawan lektin da ke cikin abinci ba ya zaɓen harafi, in zai cutar, kamar na jan waken Turai da bai dahu ba, kowa yake cutarwa, mai A da mai O baki ɗaya. Wanda ya yi ƙiyasin ciki a kan gilashi ya yi ƙiyasi tare da bambanci, irin wanda malamai ba su karɓa.

Ƙafar tarihi kuwa ta fi wannan rauni. A 1990 Fumiichiro Yamamoto da abokan aikinsa suka karanta ƙwayar gadon da ke haifar da waɗannan rukunai, suka ga cewa O, a mafi yawan mutane, ba komai ba ne face A da harafi guda ya faɗi daga rubutunsa, sai ya daina aiki. Abin da ya samu ta hanyar gogewa kuwa ba ya rigan abin da aka goge. A 2012 Laure Ségurel da jama'arta suka nuna cewa alamun A da B suna nan a jinin birai iri iri, kuma sun girmi noma da kiwo da shekaru miliyoyi. Ko ba a je ɗakin bincike ba, idon mai lura ya isa: Fulanin da ke kiwo a dajin Baban Rafi da gefen Gulbin Kaba, waɗanda nono ne abincinsu safe da yamma, ba duka ne masu B ba, manoman Ɗan Saga da Gangara, waɗanda kakanninsu ba su san wata sana'a ba sai hauya, ba duka ne masu A ba, bal ma a Afirka ta Yamma kusan rabin jama'a O ne, makiyayi da manomi da maharbi.

Saura gwaji, wanda shi ne alƙali. A 2013 masu bincike na ƙungiyar Red Cross ta Beljiyam, Leila Cusack da abokanta, suka tace rubuce-rubuce 1,415 suna neman ko guda da ya tabbatar da cewa cin abinci bisa rukunin A, B, AB ko O yana ƙara lafiya, ba su samu ba. A 2014 Ahmed El-Sohemy da almajiransa a jami'ar Toronto ta Kanada suka bincika abincin mutum 1,455 da jininsu, suka ga abin da ya warware mas'alar: waɗanda cinsu ya yi kama da tsarin da aka ce na A ne, wato yawan ganye da ƴaƴan itace da ƙarancin nama, sun fi sauƙin ƙiba da hawan jini, amma ko jininsu A ne, ko B, ko O, duk ɗaya. Daga baya Neal Barnard da jama'arsa a Amurka suka yi gwaji da mutum 244 na mako 16, aka ɗora rabinsu a kan abincin tsirrai zalla, masu A ba su fi masu O amfana ba.

Wannan ne jawabin mai cewa, "Ai ni na gwada, na kuwa ji daɗin jikina." Ba mu ƙaryata shi ba. Duk tsarin nan huɗu sun yi tarayya wajen hana yawan sukari da lemun kwalba da abincin gwangwani da ciye-ciyen banza, kuma duk wanda ya fara lura da abin da yake sa wa bakinsa zai ga canji. Ya sami sauƙi ne saboda abin da ya bari, sai ya kai godiyar gidan harafi.

Shaidar da ke ƙofar gidanmu

Akwai hujjoji biyu waɗanda ba sai mun aro su daga ƙetare ba. Ta farko akushi ne. Bisa ƙa'idar gado, uba mai A da uwa mai B suna iya haifar ƴaƴa huɗu, ɗaya A, ɗaya B, ɗaya AB, ɗaya O, ciki ɗaya, nono ɗaya. To, a gidan manomi na Cadakori ko Saye Sabuwa, inda mata biyu ko uku ke karɓar girki, inda yara goma ke kewaye ƙwarya guda ta hura da rana da akushi guda na tuwo da dare, wace mace ce za ta ɗora tukwane huɗu, da wane itace, da wace tiyar hatsi? Gobirawan Tibiri tun da sarkinsu Mayaƙi ya kafa garin a 1836, da Katsinawan Maraɗi da Tasawa, haka suka ci tare, aka sami a cikinsu ƴan kokawa da mahaya da tsofaffi masu shekara tamanin suna noma.

Ta biyu ta fi ciwo, ta kuma fi ƙarfi. A shekarar 1996, wato shekarar da littafin D'Adamo ya fito yana hana masu O gyaɗa da nono, yana hana masu B gyaɗa, a wannan shekarar ce wani likitan yara na Faransa, André Briend, tare da Michel Lescanne, suka haɗa wani abinci na ceton yara masu tamowa, wanda suka kira Plumpy'Nut, ba kuwa komai ne a cikinsa ba sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Da yunwar 2005 ta auka wa jihar Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu da wannan abinci, kuma kimanin tara cikin goma suka warke. A 2007, a gundumar Gidan Rumji, aka riƙa raba wa yara wajen 60,000, daga ƴan wata 6 zuwa ƴan shekara 3, wani ɗan'uwansa mai suna Plumpy'Doz, kowane wata daga Mayu zuwa Oktoba, sai hauhawar tsananin tamowa da aka saba gani a tsakiyar damina ta lafa. Ba wanda ya tambayi uwa harafin ɗanta kafin ya miƙa mata. In da gyaɗa da madara guba ce ga mai O da mai B, alhali su ne mafi rinjayen yaran nan, da ba a ga abin da iyayen Gidan Rumji suka gani da idonsu ba, yaron da ya kasa ɗaga kai ya tashi yana rarrafe. Gani kuwa ya kori ji.

Inda jini da gado ke da magana

Kada mai karatu ya fahimci cewa harafin ba shi da wata alaƙa da cuta. Yana da ita, sai dai ba ta hanyar tukunya ba. Wani bincike da Alexandra Rowe da abokanta suka wallafa a 2007, a kan yara 567 a ƙasar Mali, ya nuna cewa masu O sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani; a ɗaya gefen kuma an daɗe da sanin cewa kwalara, wadda ta ziyarci jiharmu a 2018 da 2021, ta fi tsananta ga masu O; waɗanda ba O ba kuma sun ɗan fi saurin daskarewar jini a jijiya. Amma hukuncin da ke fita daga nan guda ne ga kowa: gidan sauro, da ruwa mai tsabta, da gaggawar zuwa asibiti.

Haka nan gaskiya ne cewa jikuna sun bambanta wajen karɓar abinci. Akwai wanda in ya sha ɗanyar madara cikinsa ya kumbura, alhali Bafillace yana shan ƙwarya guda ya tashi garau, domin Fulani da yawa sun gaji ikon narkar da zaƙin madara har girmansu. Wannan gado ne, amma ba na A ko B ba ne, kuma kindirmo da nonon da ya yi tsami sun fi sauƙi ga mai irin wannan ciki. Akwai wanda gyaɗa ke sa wa borin jini. Akwai mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, waɗanda likita ke ƙayyade wa abinci bisa cutarsu. Duk waɗannan ana gane su ne ta alamar da jiki ya nuna da gwajin da ya dace, jiki kuwa magayi ne.

Wajibi ne kuma a raba abu biyu da jama'a ke cakuɗawa. Harafin A da ke kan katin rukunin jini dabam yake da AA da AS da SS na gwajin sikila, wato amosanin jini. Na farko don ƙarin jini ne. Na biyu shi ne wanda ya kamata saurayi da budurwa su sani kafin a kai goro, gama in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Sa'an nan mace mai Rezus na ɗebewa, in mijinta na tarawa ne, tana bukatar a san da haka tun a awon ciki, domin akwai allurar da ake yi mata cikin kwana 3 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya. Waɗannan su ne wuraren da sanin jini ke ceton rai, kuma abin takaici ne a ga mutum ya haddace abin da harafinsa ya hana shi ci, bai san ko shi AS ne ba.

Tambayar da ta kamace mu

Littafin D'Adamo an rubuta shi ne don mutanen da kasuwarsu ta cika ta batse, waɗanda damuwarsu ita ce me za su bari. Mu kuwa a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, inda rumbu ke yin ƙasa tun kafin a yi noman farko, inda mata ke fita ɗibar tafasa da yaɗiya da jiga don a kai ga sabon hatsi, damuwarmu ita ce me za mu ƙara. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 73 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 46 na mata masu shekarun haihuwa. Ashe ciwonmu ba rashin dacewar abinci da jini ba ne. Jinin ne kansa bai isa ba. Kuma abin da ke gina shi yana nan kusa: wake, wanda ƙasarmu ta shahara da nomansa, ƙuli-ƙuli da riɗi, zogale da kuka da rama da yakuwa, hanta da ƙwai da fara, garin ƴaƴan kuka da lemun tsami da tumatir, waɗanda ke taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga hatsi da ganye, saɓanin shayi mai kauri a kan abinci, wanda ke hana shi, sa'an nan ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wurin awo, da maganin tsutsar ciki, da kariya daga sauro. Ko ayar da Cadawa da Agiye ke lodawa a manyan motoci zuwa kasuwannin nesa, abinci ce mai amfani ga yaran da suka tsince ta.

To, mai karatu ya duba abin da saƙon salula ya umarci mace mai B ta bari: kaza, gyaɗa, riɗi, masara. Ya duba abin da ya umarci mai A ya bari: nama, wanda dama sai ranar kasuwa ko ranar suna yake ganinsa. Ya duba abin da ya umarci mai O ya lazimta: nama kullum, a gidan da jika guda ke wuyar samu. Ga mai wadata wannan wasa ne marar cutarwa ƙwarai. Ga mai ciki ko mai shayarwa a ƙauye kuwa, an ɗauke mata ginshiƙan da jininta ya dogara a kansu. Muna da isassun camfe-camfe na gado waɗanda ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna yaƙi da su, kamar hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata, da zubar da dakashi wai yana da dauɗa. Ba mu bukatar a ƙaro mana wani camfi daga Amurka don kawai ya zo da haruffan boko.

Ta fuskar shari'a ma al'amarin a sarari yake. Asali ga abinci mai tsarki halacci ne, kuma malamai sun yarda mutum ya ƙaurace wa abin da aka tabbatar yana cutar da shi, ta hanyar jarrabawa ko faɗar likita masani amintacce. Amma ƙuntata wa kai da iyali a kan abin da Allah ya yalwata, bisa maganar da ba ta da isnadi ba ta kuma tsaya a gaban gwaji ba, wannan taƙalidi ne makaho. Ma'aunin da addini ya ba mu shi ne barin almubazzaranci, da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, kuma wannan ma'auni bai ware mai A daga mai O ba.

Da azumin bana ɗiyar ƙanena ta zo Maraɗi ta biyo ta gaishe ni, na lura tana da juna biyu. Muka daɗe muna wannan magana, na karanta mata abin da na tattara, ta saurara da ladabi irin nata, sa'an nan ta ce, "To Baba, katin jinina fa, in yar da shi?" Na ce, "Ko kusa, ɗiyata. Ki adana shi cikin jakar kayan haihuwa, ki kuma sa maigidanki da ƴan'uwanki su je a gwada su tun yanzu, a san wanda zai iya ba ki jini in bukata ta taso, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Can ne wurinsa. Madafa kuwa ki bar wa ungozoma da likitan awo su faɗa miki abin da za ki ƙara." Da aka kira sallar magariba aka kawo abin buɗa baki, akwai kunun gyaɗa da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ta yi bisimilla, ta sha, ta ci, ta ƙara.